Kwamfutar da Ba Ta San Sha Huɗu Ba

13 ga Janairu

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya lau nake, sai gwiwar hagu da ke tuna min shekaruna duk lokacin da na hau tsani.

Na san ba za ka gane ni ba. Kakanka na wajen uba da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, ka ga ni gwaggonka ce, ko da yake sai an lissafa da yatsu. Sau ɗaya na taɓa ganinka, lokacin da aka kwantar da kakanka a asibiti. Kana zaune a baranda, ka kwance tocilan ɗin mai gadi ɗaya bayan ɗaya, ka kasa mayar da shi. Ni ce matar da ta ba mai gadin haƙuri.

Mahaifiyarka ce ta ba ni adireshinka. Na nemi lambar waya, ta ce ko ta ba ni ba ka ɗagawa, aiki ya yi maka yawa. Shi ya sa na jawo tafireta.

Ga abin da ke tafe da ni. Shekara ashirin da shida ke nan ina riƙe da ƙaramin laburaren unguwarmu. Ɗaki biyu ne da baranda, littafi dubu huɗu da 'yan kai, kowanne da katinsa a aljihun katako. Makon jiya kwamitin da ke kula da mu ya zauna. Shugaban ya ce mutane sun daina zuwa, komai a waya ake nema yanzu, idan zuwa ƙarshen Yuni ba a ga dalilin barinmu ba za a rufe. Na ce to, a ba ni dama in yi mana shafi a intanet, mutum ya duba daga gida ko muna da littafin da yake so, da kwana nawa ya rage wa wanda ya ara. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yara, ya ce in gwada.

Na faɗa ne da zafin rai, ɗana, ban san ko ta ina ake farawa ba. Muna da kwamfuta ɗaya, tsohuwa, a kan teburin kusa da taga. Na iya buga rubutu ba tare da kallon hannuna ba, iyakar ilimina ke nan. An ce wannan sana'arka ce. Ba cewa nake ka yi min ba. Ka koya min, ko layi biyu ne a wata.

Gwaggonka ta laburare

27 ga Janairu

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ina lafiya, Allah ya ba gwiwa sauƙi. Tocilan na tuna shi, ke ce dai ban tuna ba, ki yafe min. Rabon da a zura min ambulan ta ƙarƙashin ƙofa da sunana a rubuce har na manta. Ki yi haƙuri da rubutun hannuna, na daɗe ban riƙe biro ba.

Za ki iya. Mu fara da abu ɗaya tak.

Shafin intanet da ke amsa tambaya sai an rubuta masa umarni da wani yare, wanda za mu yi amfani da shi sunansa JavaScript. Abu na farko a cikinsa shi ne bariyabul. Kada sunan ya ba ki tsoro. Aljihu ne irin na katunanki: ki liƙa masa suna a goshi, ki zuba abu a ciki. Duk lokacin da kika kira sunan, abin da ke ciki ne zai fito. Gobe kina iya cire shi ki zuba wani, sunan yana nan.

Ki buɗe manhajar da kike shiga intanet da ita, ki danna F12 a saman madannai. Wani fili zai buɗe a gefe, ki zaɓi inda aka rubuta Console. Ki buga wannan, ki danna Enter bayan kowane layi:

let kwanaki = 14;
alert(kwanaki);

Layin farko yana cewa a buɗe aljihu mai suna kwanaki, a zuba sha huɗu, wato kwanakin aron littafi. Alamar nan ta tsakiya ba daidai take nufi ba kamar a lissafin makaranta, zuba take nufi. Layi na biyu yana cewa a nuna min abin da ke ciki. Wani ɗan akwati zai fito da 14. Idan kalma za ki zuba ba lamba ba, sai ki sa ta tsakanin alamun zance, kamar "kiwon zuma". Idan kin yi kuskure za ta yi miki jan rubutu. Ki kwafo min shi yadda yake.

Kin tambayi aikina a fakaice, na gani. A ɗaki nake yi, hawa na huɗu. Tebur, kujera, taga mai kallon bangon wani bene. Akwai makon da mai shagon ƙasa kaɗai nake yi wa magana, shi ma ba mai surutu ba ne.

Ɗanki

10 ga Fabrairu

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Na ce muna, alhali ni kaɗai ce a gidan tun rasuwar maigidana shekara huɗu da suka wuce, 'yata kuma tana can nesa wajen mijinta. Baki ne ya saba.

Bayanin aljihu ya shige ni sarai, har na yi dariya, ashe abin da nake yi tun kafin a haife ka ne aka sa wa sunan Turanci. Amma akwatin bai fito ba. Na buga layin nan sau ya fi talatin cikin kwana goma:

let kwanaki = 14;

Kowane lokaci sai ta yi jan rubutu, wai 14 is not defined. Turancina ya isa in gane cewa take yi ba ta san sha huɗu ba. Na kashe ta na kunna. Na goge allon da tsumma. Na gwada da safe kafin kowa ya zo, na gwada bayan azahar.

Kowa ɗin ma mutum ɗaya ne yawanci, wani tsohon direban jirgin ƙasa da ke zuwa karanta jarida. Ya gan ni ina fama ya tambaya, na yi masa bayani. Ya ce a zamaninsa injin da ya ƙi tashi sai a bar shi ya huce, in na matsa mata za ta ƙara taurin kai. Ya koma kan jaridarsa.

Ka duba min layin, ɗana. Idan kaina ne ya tsufa ka faɗa min gaskiya.

Gwaggonka

22 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Yau ba zan tsawaita ba, kaina na ciwo.

Na duba layin, daidai yake. Ban taɓa ganin kwamfutar da ba ta san sha huɗu ba. Gwaggo, wannan ba aikinki ba ne. Ki bar shi haka, kada ki ƙara wahalar da kanki a kai.

Ga darasi na gaba ki ajiye. Sunansa fankshin. Aiki ne da ake tsarawa sau ɗaya, a ba shi suna, sai a riƙa kiransa. Kamar hatiminki na kwanan wata: an sassaƙa shi sau ɗaya, ke dai bugawa kike yi.

function saura(anYi) {
  return kwanaki - anYi;
}

Kin ba shi kwanakin da littafi ya yi a waje, ya cire su daga sha huɗu, ya miƙo miki saura. Kalmar return ita ce miƙowar. Idan kika buga saura(5) zai ce 9.

Ɗanki

12 ga Afrilu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako bakwai ke nan. Na aiko da 'yar gajeriyar takarda a tsakiyar Maris ina tambayar gwiwa, ban sani ba ko ta iso. Kullum idan na ji takun mai kawo wasiƙu a matakala sai in tsaya bayan ƙofa, ya wuce.

Na gano matsalar. Takardunki biyu suna kan teburina, na karanta su ya fi a ƙirga. Shekaranjiya ina kallon layin da kika kwafo, sai na lura ɗayan da ke cikin 14 yana da ɗan tsaguwa a ƙafa. Na duba kalmar lafiya a saman takardar, harafin farko yana da wannan tsaguwar. Ƙarfe ɗaya ne ya buga su. Gwaggo, tafiretarki ba ta da lamba ɗaya, ko? Da ƙaramin harafin l aka koya muku buga ta. Hannunki ya kai wannan al'adar kan kwamfuta. A takarda ba a bambancewa, amma ita tana ganin harafi da huɗu, sai ta ɗauka sunan wani aljihu ne da ba a buɗe ba. Lamba ɗaya tana can sama a hagu, kusa da biyu. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, kanki ma haka. Ni ne ban duba da kyau ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, ban faɗa wa kowa ba. Ba ni da aiki tun watan Oktoba. Kamfanin ya rage mutane, aka kira mu mu tara a allon kwamfuta, aka yi magana ta minti shida, allon ya mutu. Shekara biyar ina tare da su, ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba, don haka babu wanda zan yi wa sallama. Na rufe kwamfuta na zauna.

Ina nema. Na aika takardu da yawa, amsa kaɗan ce, ita ma a'a ce. Ba na ɗaga wayar Mama ne saboda tambayarta ta farko kullum ita ce ya aiki, ni kuma ban iya yi mata ƙarya da murya ba. Ta gaya wa duk dangi ɗanta yana can yana sarrafa kwamfuta. Ke ma haka aka gaya miki.

Ranar da na rubuto miki waccan gajeriyar amsar ta Fabrairu, da safen aka ce min a'a a wani wuri da na sa rai. Idan na rubuta wani abu da ya ɓata miki rai ban sani ba, ki yafe. Darasin da nake shirya miki shi kaɗai ne abin da nake tashi dominsa. Ina da guda shida a rubuce, ban aiko ba. Don Allah kada ki gaya wa Mama.

Ɗanki

25 ga Afrilu

Ɗana,

Wa alaikas salam. Lafiyata ƙalau, takardarka ta Maris ma ta iso, ina da ita a jaka. Ƙin amsawa na yi, ba zan ɓoye maka ba.

Ka rubuta cewa wannan ba aikina ba ne, in bar shi. Kwana biyu kafin takardarka ta zo, shugaban kwamiti ya leƙo, ya same ni gaban kwamfuta da tabarau a kan hanci. Ya ce, "Hajiya, wannan ba aikinku ba ne, na yara ne." Sai ga naka da kalmomi iri ɗaya. Na ninke takardar, na rufe kwamfutar da mayafinta, na ce tunda mai sana'ar ma ya faɗa, shi ke nan. Sai da wannan ta zo na ɗauko waccan na sake karantawa, na ga nufinka ba ni na jawo matsalar ba. Mako bakwai na yi ina fushi da yaron da ke wanke ni daga laifi. Ni ce da neman yafiya.

Na danna ɗayan gaske. Akwatin ya fito da 14 a tsakiyarsa. Na daɗe ina kallonsa kafin in rufe. Malamar da ta koya mana tafireta takan bugi yatsun duk wadda ta nemi lamba ɗaya, ka ga shekara talatin da biyar ina biyayya ga matar da ta daɗe a ƙasa. Na buga fankshin ɗinka, na kira saura(5), ya ce 9. Na kira saura(20), ya ce 6 da ɗan layi a gabanta. Na gane da kaina cewa mai littafin ya wuce wa'adi da kwana shida. Tsohon direba ya ce in gwada da shekarunsa, na ce ba a yi aljihun da zai ɗauke su ba.

Yanzu maganarka. Ba zan gaya wa mahaifiyarka ba, ba labarina ba ne. Amma ba zan yi mata ƙarya ba idan ta tambaye ni kai tsaye, kuma tana kirana yanzu duk mako, don ta san kana amsa min. Makon jiya ta tambaye ni ko ka ambace ta. Ba aikinka take kewa ba, ɗana. A ganinta ka girma ne ka fi ƙarfinta. Wannan ya fi rashin aiki ciwo, ka yarda da ni, ina da 'yar da ke kira sau ɗaya a wata.

Ka aiko da darussan shida gaba ɗaya. Saura wata biyu, kuma na fara shigar da katunan, ina yin ɗari da hamsin a rana.

Gwaggonka

9 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, na fara fita tafiya da safe har bakin gada in dawo.

Ga darussan. Ki fara da na kalmar if, ma'anarta idan. Da ita fankshin ke zaɓar hanya: idan kaza ne yi kaza. Na biyar shi ne na akwatin nema, ki bi shi a hankali. Na shida ya nuna yadda za ki ɗora shafin kowa ya gani.

Na kira Mama ranar Laraba. Na faɗa mata kafin ta gama sallama, don kada in fasa. Sai ta ce, "Tun Oktoba kana zaune kai kaɗai da wannan?" Na ce e. Ta ce in dawo gida. Na ce ba yanzu ba, akwai wurare biyu da nake jira. Ba ta matsa ba. Mun yi kusan awa, yawanci labarin maƙwabta take ba ni, ina ji.

Har yanzu babu aiki. Ki gaya min ranar da kwamiti zai zo.

Ɗanki

3 ga Yuli

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kai ma haka. Ka yi haƙuri da jinkiri, hannuna bai huta ba.

Sun zo ranar ashirin da huɗu, su biyar. Shafin ya yi aiki. Shugaban ya buga sunan wani littafin lissafi da ya ce ya karanta yana yaro, ya fito, har da kantar da yake. Wata mata a cikinsu ta gwada a wayarta ta nuna wa sauran. Sun yaba ƙwarai. Daga nan shugaban ya gyara murya ya ce an riga an ba wani ofishi ginin tun watan Maris, takardar ce ba ta iso gare ni ba. Za a raba littattafan wa makarantu uku. Ni kuma shekaruna sun kai, za a sallame ni da godiya.

Ban yi gardama ba. Na tambaye su abu ɗaya, ko za a bar shafin. Suka ce ba ya cin wuri, a bar shi.

Mako guda muna ɗaure littattafai a kwali. Tsohon direba ya zo ranar farko, ya ga babu jarida a kan tebur, ya tsaya ɗan lokaci a bakin ƙofa ya ce min Allah ya sa mu gana. Ban tambaye shi inda yake zaune ba duk shekarun nan, sai da ya tafi na tuna.

Jiya motar ƙarshe ta tashi. Ya rage ni da tebur da kwamfuta, ita sai Litinin za a ɗauka. Na zauna ina tunanin wanda zai nemi littafi a shafin ya zo ya tarar da ofishi. Sai na buɗe ta. Na raba lambobin katunan gida uku yadda aka raba kwalayen, na rubuta fankshin na sa masa suna inaYake. Ka ba shi lambar littafi, ya duba da if, ya miƙo sunan makarantar da aka kai shi. Ban buɗe takardunka ba. Sau biyu ta yi min jan rubutu, na karanta abin da take cewa, na ga baka ɗaya na manta ban rufe ba. A na uku ya yi. Na gwada littafi ashirin, duk ya faɗi daidai.

Na juya in gaya wa wani, babu kowa sai kantoci. Shi ne na zauna na rubuto maka.

Daga yanzu kada ka aiko nan, adireshin gida yana bayan ambulan. Ba ni da sauran tambaya a kan kwamfuta, ɗana, ban kuma san me zan riƙa ba ka labari ba daga ɗaki da tsakar gida. Amma ka rubuto.

Gwaggonka